Ƙafar Mikiya da Hannun Babana

Mu 'ya'yan bakin dam a gindin wutar banda muka sha tatsuniya. Da an idar da sallar magariba, Iya, kakata ta wajen uba, za ta jera kifin da Baba ya kawo a kan ragar waya, ta tura ɗanyen itace a ƙarƙashi, ta zauna a kan guntun turmi tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Banda ba ta son wuta mai ci, hayaƙi take so, shi ya sa duk tatsuniyar da na sani da hawaye a idona na fara jin ta. Har gobe in na ji ƙaurin tarwaɗa a kasuwar Ƙafin Maiyaki sai in ji na kasa kunne, kamar za a gaya mini wani abu.

Garinmu yana cikin garuruwan da aka kafa wa mutanen da ruwan Tiga ya tasa, a ƙasar Bebeji. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin tsohon gari ba, amma manya suna maganarsa kamar wurin da mutum zai leƙa bayan la'asar ya dawo kafin magariba. Abin da ya rage daga cikinsa wanda ido ke gani shi ne rassan saman wata tsamiya, can a tsakiyar ruwa, sun bushe sun yi fari fat. Wai tsamiyar ƙofar masallaci ce. A kanta wasu mikiyoyi biyu suke wuni, mace da namiji, irin mikiyar nan mai cin kifi: kai da ƙirji fari tas, ciki ja, fukafukai baƙi. In za ta yi kuka sai ta jefa kai baya ta buɗe baki sama, a ji ta har cikin gidajenmu.

Babana ba masunci ba ne, ruwa ne ya same shi a gona. A tsohon gari da shanun huɗa aka san shi. An ce duk bijimin da ya gagari samari, Baba ake kira. Zai naɗe igiyar a wuyan hannunsa, ya kafa dugadugai a ƙasa, ko bijimin ya gaji ko igiyar ta tsinke, amma shi ba ya saki. Wuyan hannunsa na dama ya yi kanta baƙi ƙirin, muna yara mukan shafa wurin muna mamaki. Da gona ta tafi sai ya sayar da shanun ya sayi kwalekwale da mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere, wadda ake shimfiɗawa a ruwa da yamma a janyo da safe. Kuma ba ko'ina yake shimfiɗa ta ba. Sai ya tuƙa har kusa da tsamiya, ya auna da ido, ya saki igiyarsa daidai kan gonar ubansa.

"Gonata ce," yake cewa. "Ruwa ne kawai a kanta."

Wanda ya koya masa su shi ne maƙwabcinmu Kawu Garba, mutumin Yawuri, wanda aka haifa kusan a cikin jirgi. Komai Baba ya koya daga wurinsa ban da abu ɗaya. Masunci yana riƙe igiyar mamari ne sako-sako a tsakanin yatsu, yadda in wani abu ya fizga daga ƙasa za ta zare ta tafi. Baba kuwa da ya ji nauyi, hannun nan sai ya yi abin da ya saba tun yana saurayi, ya naɗe. Sau nawa na ji Kawu Garba yana masa faɗa a ƙofar gida.

"Malam, wannan fa ba sa ba ne. Sa a kan ƙasa yake, kai ma kana kan ƙasa. A can a kan me za ka kafa dugadugai? Akwai giwan ruwa a gindin tsamiyar nan da ya kai girman mutum, ni da idona na ga bayansa."

Baba sai ya yi dariya ya ce, "To ai shi nake nema, Garba. Ya daɗe yana kiwo a gonata ba da izini ba."

Inna, mahaifiyarmu, ta yi magana har ta gaji. Duk garin an san mutum ɗaya ne zai ce wa Baba bari ya bari, ita ce Iya, don bai taɓa ƙetare maganarta ba. Sai dai ita ba ta taɓa yi masa maganar ba balle ya ƙetare. Ɗan farinta ne. Iya irin matan da ne masu riƙon kunya kamar farilla: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa gaishe ta da safe bango take amsa wa. In za ta ambace shi sai ta ce "uban yaran nan", in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Wata gwaggonsa ce ma ta goya shi. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa, ƙanena Ado shi ne "angona mai majina", ni kuma "Dije uwar tambaya", amma da Baba ya yi sallama ya shigo sai bakin nan ya rufe ruf.

Ranar da ta fara ba mu tatsuniyar mikiya, an yanka kaza a gidan. Na lura ta ɗauke ƙafa ɗaya ta soke a jikin danga, na zaci rowa ce irin ta tsofaffi. Da yamma muka kewaye wuta. Baba yana can jikin bango a kan tabarma, da fitila a gabansa, yana ɗaura sababbin ƙugiyoyi. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Ita tana da nata mabuɗin, ba irin na kowa ba.

"Ku matso, ga wata ta taso daga ruwa."

Muka ce, "Ta hau tudu mu gan ta."

Ta ce da can mikiya babu ruwanta da ruwa. Tsuntsuwar tudu ce, tana cin zomo da gafiya, tana sheƙa a kan tsamiya, ba abin da ya dame ta. Rana ɗaya aka wayi gari ruwa ya shanye ƙasar kaf, ba zomo, ba gafiya, sai tsamiyar kaɗai ta miƙo wuya. Yunwa ta sa ta gwada kifi. Ta kai sura, ya sulle. Ta sake kaiwa, ya sulle, don jikin kifi duk yauƙi ne, ƙafarta kuma sumul. Da ta ga za ta mutu ita da 'ya'yanta, sai ta tashi ta tafi maƙera.

"Ta ce, 'Maƙeri, ka cece ni.' Ya ce, 'Miƙo ƙafar.'"

Maƙeri ya ɗora ƙafar a kan uwar maƙera, ya sassaƙa tafin har ya yi kaushi kamar sabon dutsen niƙa, yadda ko tarwaɗa ba za ta zame ba. Ya ja faratan suka yi tsawo, ya lanƙwasa su kamar lauje, ya bar mafi girma a baya don ya zo ya haɗu da na gaba. Ya bugi girarta ta turo gaba ta yi wa ido rumfa, saboda ƙyallin ruwa. Idon kuma ya wanke shi tas, har tana iya zama a kan reshe ta hangi karfasa tana juyi a ƙarƙashin ruwa. Sai mikiya ta ce ya shafa mata mai a fukafukai don ta riƙa nutso. Maƙeri ya ce man ya ƙare, agwagwa ta riga ta. Don haka ƙafa kawai za ta riƙa tsomawa, in ta bari fukafukai suka sha ruwa ba za ta iya tashi ba.

A nan Iya ta miƙa hannu ta ciro ƙafar kazar daga danga. Ta kama farar jijiyar da ta leƙo a gindin, ta ja. Yatsun suka dunƙule. Ta saki, suka buɗe. Ado ya yi ihu don murna, ya ce a ba shi.

"Zauna, angona. Irin wannan jijiya maƙeri ya sa mata, amma tata ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ta taɓa kifi, ƙafa ta lanƙwashe, faratan su rufe da kansu. Sai ya ce mata, 'Mikiya, ji nan. Rufewa da kanta take yi. Buɗewa kuwa sai kin tuna. Abin da ya fi ki nauyi ki sake shi, akwai gobe.'"

Mikiya ta koma ta rayu. Ta koyi zama, ta wuni a kan reshe ko motsi ba ta yi. Ado ya ce ashe raguwa ce. Iya ta ce ba ragwanci ba ne, mai cin abin ruwa ba ya ɓarnar ƙarfi, tarawa take yi don sura ɗaya. In ta ga zalɓe ya kama kifi ta bi shi ta ƙwace, ba ta jin kunyar wannan. In kifin da ta kama ya ɗan fi ƙarfin tashi da shi, sai ta kwanta a kan ruwa ta yi ta tuƙi da fukafukai kamar mai filafili biyu, har ta kai gaci. Ta yi ƙwai biyu. Na farko ya riga ƙyanƙyashewa, ya fi ƙanensa girma, duk abin da aka kawo shi yake fara cika ciki, uwar tana gani ba ta rabawa, don haka ake yi a gidansu. Ɗan farin nan ya tashi ƙaƙƙarfa, ba a taɓa ƙwace abu daga ƙafarsa ba.

"Ran nan yana kan tsamiya sai ya hangi wani baya yana ƙyalli, faɗinsa kamar ƙyauren ɗaki. Giwan ruwa ne. Ya sauko kamar an jefo dutse, ya kafa farata. Ya buga fiffike, kifi bai taso ba. Ya kwanta zai yi tuƙi, kifi ya ce ni ba gaci za ni ba, ƙasa za ni. Ruwa ya kai masa ciki. Ya kai masa ƙirji. Da ya buɗe ƙafa da ya tashi." Ta juya wata tarwaɗa, ta ƙara ɗaga murya. "Na ce da ya buɗe ƙafa, da ya tashi. Amma ya ce shi bai taɓa saki ba, ba yau zai fara ba. Farin kan nan shi ne abin da aka gani na ƙarshe."

 Ni kuwa ba a banza aka sa mini uwar tambaya ba.

"Iya, uwarsa tana ina?"

"Tana kan reshe."

"Ba ta kira shi ba?"

"Ta yi kuka irin nasu. Kukan mikiya kowa yana ji, amma babu sunan kowa a ciki." Ta tura itace da ƙafa, ta rufe tatsuniyar da nata marufin. "Na binne ta a toka, mai so ya tona."

Na waiwaya na ga Baba ya dakata da ɗaurin ƙugiya, yana murmushi shi kaɗai.

"Ado," ya ce, "ka ce wa kakarka yau mun sha tatsuniya mai daɗi."

Iya ta ce, "Ado, ka gaya wa mutane ni da jikokina nake."

Muka yi dariya, har Inna daga ɗaki. Ni a lokacin wasa na ɗauke shi. A wannan ranin Iya ta maimaita tatsuniyar mikiya har muka gundura. Mu ce a ba mu ta kura, ta ce ta manta. Mu ce ta kurege, ta ce haƙorinta na ciwo. Amma in Baba yana tsakar gida, mikiya ce, kuma kullum in ta zo wurin buɗe ƙafa sai ta faɗa sau biyu. Shi kuma kullum sai ya yi murmushin nan. Na tabbata ya gane. Ina jin daɗinta ma yake ji, don duk rayuwarsa wannan ce magana mafi tsawo da uwarsa ta taɓa yi masa.

Abin ya faru da hantsi, gab da faɗuwar damina. Ina wanke-wanke na ji gudu a bayan danga, sannan salati. Kawu Garba ne ya ba da labari daga baya, yana yi yana share fuska da hula. Jirginsa yana kusa da na Baba, suna jan mamari suna hira. Sai ya ga igiyar Baba ta miƙe tsaf, kwalekwalen ya juya hanci. Ya ga hannun ya naɗe, ya sake naɗewa. Ya ce ya yi ihu har muryarsa ta dushe, "Saki! Saki!" Baba ya miƙe tsaye ya kafa dugadugai a jikin katako, yana cewa, "Shi ne, Garba, shi ne!" Kwalekwale ba ƙasa ba ne, sai ya kife. Ya ga kan Baba ya taso sau ɗaya, hannun hagu yana lalube a kan wuyan hannun dama, amma igiyar da ta jiƙe ta ɗaure da nauyi ba ta kwantuwa. Kafin Kawu Garba ya kai wurin da wuƙa, ruwa ya koma ya kwanta.

Sai da aka kwana ana nema. An same shi a cikin rassan tsamiyar, a ƙasa, igiyar tana nan a hannunsa, ta nutse cikin kantar har sai da aka yanka ta. Kifin babu shi, ƙugiyar ta miƙe sambal. Masu nutso suka ce wurin bai fi 'yan taku ba daga inda ƙofar masallacin take. Wasu tsofaffi suka ce ai ya koma gida. Ina jin su, raina yana tafasa, don ni gidanmu nan ne inda Inna take kwance an riƙe ta.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta da carbi, mata suna shigowa suna gaisuwa, tana amsawa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Da aka fito da shi za a kai, ta juya fuska bango. Na ji mata suna yaba ta a hankali, wai kun ga kunya ta gaske, wai irin su sun ƙare. Ni kuwa na tsane ta a wannan makon, ba zan ɓoye ba. Ina yarinya amma na iya haɗa abu da abu: mace mai bakin da take fasa taro da shi, kalma ɗaya ta gagare ta.

Wutar banda ta mutu har aka yi sadakar arba'in. Bayan nan Kawu Garba ya fara aiko mana da kifi muna bandawa, ana raba abin da aka samu. Ranar da aka sake hura wutar muka zauna, wurin tabarmar Baba fayau, ba wanda ya kalli wajen. Ado, da yake bai san komai ba, ya ce, "Iya, a ba mu ta mikiya." Na zungure shi da gwiwar hannu. Iya ta ce mu matso. Muryarta ƙasa-ƙasa, sai da muka sunkuya.

Komai ya tafi yadda muka sani, ruwa, yunwa, maƙera, kaushin tafi, rumfar ido, man da agwagwa ta shanye. Da ta zo kan jijiya sai ta ce:

"Maƙeri ya ce, 'Mikiya, ki yafe ni. Na yi miki ƙafa mai rufewa, amma ban san yadda ake yin mai buɗewa ba. Abin da kika kama kin kama ke nan. Ita za ta ciyar da ke, ita kuma za ta kai ki ƙasa ran da kwana ya ƙare.'"

Ɗan fari ya sauko, ya kafa farata, ruwa ya kai masa ƙirji. Ya yi ya yi ya buɗe, ƙafa ta ƙi. Ba taurin kai ba ne, in ji ta, haka aka ƙera shi.

"Iya, ba haka kika ce ba," na ce. "Da kin ce da ya buɗe da ya tashi. Sau biyu ma kike faɗa."

"Da ban ji ta daidai ba."

"To uwar fa?"

Ta ɗauki wani kifi da bai isa juyi ba ta juya shi. 

"Ita ma maƙerin nan ne ya ƙera ta," ta ce. "Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Ta sa gefen zane ta goge ido. Shekara da shekaru tana zaune a cikin hayaƙin nan, ban taɓa ganin ya sa ta hawaye ba sai ranar. Daga nan har ta rasu, in ta ba da tatsuniyar mikiya ta biyun take bayarwa. Ado ya girma da ita, shi a wurinsa Baba mutum ne da igiya ta riƙe, ba shi da laifin komai. Ni kaɗai na san akwai ta farko.

Na yi aure a ƙasar Kiru, na haihu, daga baya zama ya dawo da mu bakin ruwa, na gaji sana'ar Iya. Da safe nakan je gaci in jira masunta. Tsamiyar ta daɗe da faɗuwa, amma mikiyoyi suna nan, suna zama a kan wasu itatuwa na gefe. Na sha kallonsu, kuma duk abin da Iya ta faɗa na gan shi: zaman nan na wuni guda, ƙwacen kifin zalɓe, har tuƙi da fukafukai na gani, wata ta iso gaci jiƙe sharkaf tana jan tarwaɗa, ta tsaya ta shanya fiffike kafin ta ci. Wani masunci ya taɓa nuna mini ƙafar wadda ta mutu a cikin raga, na shafa tafin na ji kaushin da hannuna. Sannan wata safiya na ga ɗaya ta sauko ta kafa farata a wani abu babba. Ta buga fiffike, ta buga, abin ya fara jan ta. Na miƙe tsaye ban sani ba. Sai kawai ta buɗe ƙafa ta tashi, ta koma reshe ta girgiza jiki ta ci gaba da zamanta.

Na koma na zauna a kan kwandona, na yi kukan da ban san ina ajiye da shi ba. Ashe tana buɗewa. Kuma Iya, wadda ta ƙare rayuwarta tana kallon tsamiyar nan, ta fi kowa sanin tana buɗewa. Tatsuniyar farko ta yi ta ne don ta ceci ɗanta, ba ta cece shi ba. Ta biyu ta yi ta don kada mu tashi muna jin haushin ubanmu, kuma ina jin don ita ma ta samu ta iya kwana da kanta. A ranar na daina tsanarta. Amma ban yarda da ita ba. Abin da ya rayar da Baba a tudu shi ya kashe shi a ruwa, gaskiya ne. Kunyar da ta sa ake girmama Iya ita ta rufe mata baki, wannan ma gaskiya ne. Sai dai babu maƙerin da ya hana ko ɗayansu buɗewa. Wuya ce da shi ƙwarai, kuma sai an tuna.

Ɗana na fari sunan Baba aka sa masa, kun ga kunya ta zama biyu ke nan. Mutane suna kiransa Abba, ni ko wannan ba na faɗa, "kai" ne ko "yaron nan". Haka na taso na gani, haka na yi, ban taɓa zama na yi tunani a kai ba. Ya girma ya shiga su, don nan ba mu da wata gonar. A bara, wata safiya da gaci ya cika da mata masu sayen kifi, jirginsa yana kusa da baki yana jan ragowar mamarinsa. Na ga igiyar ta miƙe tsaf. Na ga hannun dama ya juya, ya naɗe, ya sake naɗewa. Bai taɓa ganin kakansa ba, bai taɓa riƙe bijimi ba, ban san inda ya samo shi ba.

 Na waiga ko akwai wanda zan aika, na ji har na fara cewa, "Ku gaya wa yaron can..." Sai na ji muryar Iya a cikin tawa, ta gindin wuta, mai faɗa sau biyu ba ta kama suna.

"Isiyaku!" na ce.

 Wata tsohuwa ta kama haɓa. Shi kuma ya juyo a firgice yana neman mai kiran, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Na kalle shi ido cikin ido.

"Isiyaku, da kai nake. Kwance igiyar nan daga hannunka."

Ya kwance. Igiyar ta zare daga yatsunsa ta bi ruwa da gudu, ita da ƙugiyoyinta da ko mene ne a ƙarshenta. Ya tuƙo gaci hannu wofi, ya durƙusa a gabana kansa a ƙasa, jan sawun igiya yana kwance a wuyan hannunsa. Matan suna ta ƙus-ƙus a bayana, na san har yamma zancena za a yi, wai Dije ta zubar da kunya a bainar jama'a. Na ɗauki kwandona, ranar ban sayi kifin kowa ba. Muka taho gida yana gaba ina baya, ina ta maimaita sunan a hankali, don bakina ya saba.